Miyar Inna Ta Tsinke

Gusau, Litinin, 9 ga Maris, 1998

Ƙarfe bakwai: duba ma'aunin ruwan sama. Babu ko ɗigo.

Adama, yi haƙuri da layin nan na sama. Na ɗauka littafin aikina nake rubutawa, da na farga sai na ga gara in ci gaba da takardar zuwa gare ki. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara da mutanen Bungudu. Yaya aikin ɗakin shan magani? Da fatan ba ki ƙarar da mutanen garin da allura ba. Balkisu da yaranmu suna Tsafe lafiya, na gan su ranar Asabar.

Kakana da kakarki wa da ƙanwa ne, don haka ke taubashiyata ce ko da an yi nisa, kuma na san za ki yi mini dariya. Yi abinki, amma ki karanta har ƙarshe.

Ranar Laraba ina ofis ina jan layi a takardar awo, sai wani ciwo ya soke ni a kwiɓin hagu ya gangaro mara. Shekarata arba'in da biyu, ban taɓa kwanciya a ƙasa a gaban mutane ba sai ran nan. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce tsakuwar ƙoda ce. Ɗaya ta riga ta fita, ita ce ta kayar da ni. Saura ɗaya, ƙarama. Ya ce in na riƙa shan ruwa lita uku kullum, mai yiwuwa ta bi 'yar'uwarta, wata kuma ba za ta yi saurin taruwa ba. In kuwa na koma ranar goma sha ɗaya ga Mayu ya tarar tana nan, to sai wuƙa. Yana murmushi ya faɗa. Ni ban yi ba.

Na auna kofina da kwalbar awo ta ofis. Rabin lita yake ci, watau kofi shida ke nan a rana. Ga abin da na sha: Alhamis biyu, Juma'a biyu da rabi, Asabar a Tsafe shida cif, Lahadi da na dawo biyu.

Kin san tun da aka ba mu jiha aka ɗauko ni zuwa ofishin gona na nan, gida ya gagara a Gusau. Har yanzu ina ɗakin zaure a gidan surukata, Inna Hasana, gwaggonki. Ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Safe da yamma takan ajiye kwano a bakin ƙofata, ta yi gyaran murya, ta koma. Shekara ɗaya da rabi ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. Wuni take a gindin darbejiyar tsakar gida tana ƙulla daddawa, mata na shiga suna fita.

Tambayata biyu ce. Ruwan da ke cikin abinci yana shiga lissafin likita? In yana shiga, shi ma yana saurin neman hanyar fita kamar na kofi? Ina da dalilin tambaya, amma ba na rubutawa ba ne.

Naki,
Salisu

Bungudu, Asabar, 14 ga Maris

Bawana Salisu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun Ɗanlami direba, da shaidar manja a gefe. Muna lafiya. Maigidan ya ce a yi maka sannu. Dariyar kuwa na yi ta, tunda ka ba da izini. Mutumin da gwamnati ta ɗora wa auna ruwan jiha guda, shi ne ya kasa shayar da ƙoda biyu! Sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

E, ruwan abinci ruwa ne. Ƙoda ba ta tambayar ta kofi ya zo ko ta kwano. Koko da safe, in an dama shi da ruwa-ruwa, ya kusa kofi guda. Da rana kunun tsamiya, ko fura da nono. Kada wani malamin tasha ya ce maka ka bar nono wai shi ke daskarewa ya zama dutse. Ba haka ba ne, nono tare da abinci taimakonka yake. Miyar kuka ko ta kuɓewa a tsinka ta, ka sha ta sosai, ba dangwale irin na masu saka farar riga ba. Romo, fate, duk suna ciki. Kankana da gurjin fadama kuwa ai ruwa ne aka yi wa ɓawo. Ka riƙa matsa lemun tsami a ruwan shanka.

Amma ka ji wannan da kyau. Miyar da aka cika wa gishiri da dunƙule da kanwa, ɓarnarta ta fi gyaranta, don gishiri shi ke ƙara tura abin da ke zama tsakuwa cikin fitsari. Tsire da kilishi ka yi musu gaisuwar nesa. Alayyahu ma kaɗan-kaɗan. Kuma kada ka je ka ce na ce miya ta sallami kofi. In ka ci yadda na faɗa, ka samu kamar kofi biyu daga kwano. Huɗun suna nan suna jiranka.

Tambayarka ta biyu ta ba ni mamaki. Ƙwarai yana neman hanyar fita, ai fitar ita ce maganin. Da me kake so a koro tsakuwar, da sanda? Tunda kana son awo, ga ma'auni: in fitsari ya yi kalar shayi ba madara, ka gaza. In ya yi fari-fari, ka ci. In zazzaɓi ya zo, ko fitsarin ya tsaya, kada ka zauna rubuta shi a littafi, ka wuce asibiti.

Asabar shida, sauran ranaku bibbiyu. Ruwan Gusau ɗaci gare shi, ko Balkisu ce ke ɗura maka?

Uwargijiyarka,
Adama

Gusau, Litinin, 30 ga Maris

Adama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jiki da sauƙi. Na kwafe shawarwarinki a bayan littafina, na sa musu lamba, sun kai tara. Na fara sayen kankana a hanyar ofis. Kofi kuwa na kai uku. Na san bai kai ba.

Wani abu ya taso, ina son ki faɗa mini ko ni ne nake zargin banza, don kin san halina.

Inna ta je suna Nahuce ranar Juma'a, ashirin ga wata. Tun da ta dawo, abinci ya sake. Da can in na karkata kwano, miyar kukarta sai ta yi shawara kafin ta motsa. Yanzu tana riga ni. Ranar Talata na ɗauka hannu ne ya kuɓuce. Ranar Laraba ta ƙara tsinkewa. Ranar Alhamis na ga fuskata a ciki. Gishiri ma kamar an nuna mata shi daga nesa. Tsokar nama biyu da na saba tararwa ta koma ɗaya, ɗayar ma ta koma ƙashi a cikin romo. Kokon safe da ake ci da cokali yanzu sai a kurɓe shi.

Na san za ki ce ai abin da kika rubuta ke nan. To, amma Inna ba ta san da ciwona ba. Ban faɗa mata ba, ta yaya ma zan faɗa? Na kuma hana Balkisu. Ke kuwa kin san mutanenmu. Ba a cewa baƙo ya tafi. Miya ake ƙara wa ruwa har ya gane da kansa. Mahaifiyata ta taɓa yi wa wani ɗan'uwan babanmu haka, ina gani, kwana tara ya naɗe tabarmarsa.

Shekara ɗaya da rabi ba kwana kaɗan ba ne. Ban ga laifinta ba. Amma ki faɗa mini yadda kika gani.

Naki,
Salisu

Gusau, Laraba, 15 ga Afrilu

Adama,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Na yi layya a Tsafe, kowa lafiya. Kwana goma sha shida ke nan da na rubuto miki, ban ji daga gare ki ba. Na tambayi Ɗanlami sau biyu a tasha, ya ce shi dai duk abin da aka ba shi ya kai. Na fahimci shirunki. Gwaggonki ce, ba ki son ki faɗa mini abin da kika sani.

Ba sai kin faɗa ba. Shaidu sun cika, na jera su.

Na ɗaya da na biyu, miya da gishiri, kin ji su. Na uku, an kawo sabuwar randa an girke a bakin ƙofata, da moɗa da lemun tsami a kan murfi, watau kada in ƙara leƙa cikin gida neman ruwa. Na huɗu, an kafa zana doguwa daga bakin zaure har ƙarshen gida, ta raba ni da gindin darbejiya. Ko inuwata ba a son gani. Na biyar shi ya fi ci mini rai. Bara da na dawo daga Sallah, soyayyen nama na tarar cike da kwano, na yi wata ina ci. Bana romon kai na tarar, tsararo, da yankakken gurji a gefe.

Don haka na ɗauke mata nauyi. Tun ranar Juma'a in ta ajiye kwano, nakan bar shi a rufe yadda yake, in tafi tasha in ci tsire da burodi. Jiya kilishi na ci. Na san lamba ta bakwai ta hana, amma abin da ke tasha ke nan. Ina neman izinin shugabanmu in riƙa kwana a ɗakin ajiyar taki kafin in sami wuri.

Tunda abin ya zo nan, bari in faɗi dalilin da na ce ba na rubutawa ba ne. Bayin gidan nan yana can ƙarshen gida. Ba yadda za a yi mutum ya kai gare shi sai ya ratsa ta gaban Inna da buta a hannu. Adama, in na sha kofi shida, sau nawa zan wuce ta gaban uwar matata da buta? Sau takwas? Da matan daddawa suna ƙirgawa? A ofis kuma bayi ɗaya ne, makullinsa na aljihun shugabanmu. Shi ya sa nake auna shan ruwana da lokutan salla, in yi amfani da na masallaci. A Tsafe gidana ne, ba mai ganina sai Balkisu.

Shekaranjiya kwiɓin ya sake yin magana, ba da ƙarfi ba. Ma'auninki ya nuna shayi. Saura kwana ashirin da shida in koma wurin likita. Ina ganin wuƙar nan tawa ce.

Naki,
Salisu

Bungudu, Asabar, 18 ga Afrilu

Salisu, kai Salisu!

Wa alaikumus salam, barka da Sallah, muna lafiya. Gaisuwar ta isa haka, don raina a ɓace yake, kuma dariya ta hana ni riƙe biro.

Mako uku muna ƙauyuka muna rigakafin sanƙarau. Jiya na dawo na tarar da takardunka biyu. Na tare Ɗanlami a tasha na ce, "Ina takardar da na ba ka tun ranar ashirin da ɗaya ga wancan watan?" Ya ce, "Wace?" Na ce, "Mai ambulan ruwan ƙasa." Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ko ita ce wagga da ke riƙe da gilas?" Ashe gilashin tagarsa ne ke ƙara, ya ninke takardata huɗu ya cusa. Ya ce tun ran nan motar ba ta ƙara damun fasinja ba, wai in yi masa wata don ɗaya tagar.

Ga abin da ke cikinta. A sunan Nahuce na haɗu da Gwaggo Hasana, na faɗa mata ciwonka da abin da likita ya ce. Ni ce na ce ta tsinka miya, ta rage gishiri da nama, ta ƙara romo da koko. Ta ce shekara arba'in tana miya ba wanda ya taɓa ganin gindin kwanonta ta cikin miya, yanzu sai ta tsufa za a sa ta abin kunya. Na ce ko miyar ta tsinke ko a tsinka cikin surukinta. Sai ta ce, "To, nawa za a zuba ruwan?"

Randa da zana kuwa ba ni ba ce. Da na ce mata ba ka shan ruwa ban san dalili ba, sai ta dube ni kamar ban da wayo. Ta ce, "Ke da karatunki ba ki gane ba? Yaron ga kunyar buta shi kai. Shekara guda da rabi ban taɓa ganin shi ya ratsa gidan ga da rana ba. Ina jin shi yana leƙowa, in ya hange ni ya koma. Na rasa ta inda zan ce mai ya wuce, ni ba kallon shi nikai ba." Nan take ta ce za ta sa a kafa zana, ka riƙa wucewa ba ka gan ta ba, ba ta gan ka ba. Hanya aka yi maka, bawan Allah, kai kuma ka rubuta ta a shaida ta huɗu.

Naman Sallarka ma yana nan. Ta aiko mini da shi, ta ce in ba yara, kada ya zauna a gidan ka ji ƙamshi. Mun gode, ya yi daɗi.

Jiya kuma ta aiko da saƙo ta bakin wata mai daddawa, wai mako guda kwano na komowa ba a taɓa ba, ko miyar ce ta yi lami da yawa har ka yi fushi? Tsohuwa tana can tana zargin hannunta, kai kana tasha kana cin kilishi.

Yau ɗin nan ka buɗe kwanon nan ka shanye. Ka cika moɗa. Ka ɗauki butarka ka bi bayan zana kamar mai gida. Makullin ofis kuma ka tambaya, shugaban naku ma ai ba ado yake yi da shi ba. Saura kwana ashirin da uku. In aka yanka ka saboda kunya, wallahi har jikokinmu sai sun ji labari.

Uwargijiyarka,
Adama

Gusau, Talata, 12 ga Mayu

Ƙarfe bakwai: duba ma'aunin ruwan sama. Milimita tara. Na fari ke nan bana, jiya da la'asar ya sauka.

Adama, wannan karon da gangan na bar layin. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara, ina yi muku barka da ruwa. Ki yafe jinkirin amsa. Na so in ga ƙarshen abin kafin in rubuta, kada in sake jera shaidun banza.

Takardarki ta same ni ranar Lahadi da hantsi. Na karanta ta sau uku, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Da azahar Inna ta ajiye kwano, ta yi gyaran murya. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa, tsararo. Na cinye tuwon, na ɗaga kwanon na shanye miyar, na bi da moɗa biyu. Bayan kamar awa ɗaya abin da kike cewa magani ya zo. Na ɗauki buta na tsaya a bakin zana, na fi minti biyar. Sannan na shiga.

Ina tsakiyar hanya sai na ji muryarta ta ɗaya gefen, tana yi wa akuyarta magana. Ta ce, "Ke Ja, matsa ki ba mutane wuri. Yau kwano ya komo a wanke, ashe mutanen tasha sun dawo gida." Na ji kunya, amma ban koma ba. Ran nan sau biyar na wuce. Washegari akuyar ta sake samun saƙo: "Ke Ja, in gishirin bai ji ba a yi haƙuri, likita ya hana." Na yi gyaran murya sau biyu, ina fatan ta fahimci cewa ya ji.

Makulli ma na tambaya. Shugabanmu ya ce, "Malam Salisu, dama kai muke ta mamaki, mun ɗauka waliyyi ne." Ya rataye shi a ƙusa.

Ga lissafin mako ukun nan: kofi huɗu zuwa biyar kullum, koko ɗaya, kunu ko fura ɗaya, miya kwano biyu, kankana in an samu. Ma'auninki fari-fari, sai rana ɗaya da muka fita duba gonaki a Wanke na manta gorata.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, kwiɓin ya murɗa na kusan awa biyu. Ba zazzaɓi, kuma hanya ba ta toshe ba, sai na yi ta sha ina zirga-zirga a bayan zana. Tsakuwar ta fita. Ba ta kai ƙwayar dawa ba. Na daɗe ina kallonta, ina mamakin abin da ya kusa raba ni da gidan Inna. Tana cikin kwalin ashana.

Jiya na kai wa likita ita. Aka sake hoto, ya ɗaga shi a taga ya ce ba komai, ba wuƙa. Ya ce amma mai irin wannan ciwo ba ya yaye kofi har abada, musamman da bazara, in ba haka ba wata za ta taru. Ya tambayi abin da na yi. Na ce miyar surukata. Ya ce in riƙe ta da kyau. Ban tabbata miyar yake nufi ko surukar ba, na ce to.

Ban sani ba ko na cancanci wannan alheri duka. Na gode, taubashiya. Ki ce wa Ɗanlami wannan ambulan ba na taga ba ne.

Naki,
Salisu

Abin da ya rage na gobe, na rubuta a nan don takardar littafina ta ƙare:

1. Duba ma'auni, ƙarfe bakwai.
2. Janye takardar neman kwana a ɗakin taki.
3. Sayo igiya. Iskar jiya ta kwantar da zana ta wajen tsakiya.
4. Lemun tsami, ya ƙare.
5. Faɗa wa Balkisu komai, kafin ta ji daga bakinki.
6. Yi wa Inna godiya. Na rasa ta inda zan bi. Na sayo dusa, zan gwada yi wa akuyar magana.